Saudiyya, Ingila ko zaman gida: a ina albashin ma'aikacin jinya ya fi auki?

Bakaben Badariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka taɓa zama a ƙasashen waje, musamman ma'aikatan lafiya, domin akwai maganar da ta hana ni barci kusan wata biyu ke nan. Ni ma'aikacin jinya ne, shekarata goma sha biyu ina aiki a wani asibitin gwamnati a nan Birnin Kebbi. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, babban yana da shekara goma sha ɗaya, ƙaramar kuma tana goye. Mahaifiyata tana ɗakinta a gidanmu na gado, ni ne babban ɗanta namiji, kuma ina da 'yar gona a fadama inda nake noman rani na shinkafa, wadda ita ce ke rufa mana asiri idan albashi ya ƙare kafin wata ya ƙare.

Kowa ya san halin da aka shiga tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma ni fetur ba na babur kaɗai ba ne, da shi nake tayar da injin ban ruwa. An yi ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, mu ma ƙarin ya taɓa mu, amma kafin ya iso hannu kasuwa ta riga ta cinye shi.

To, yanzu wani asibiti mai zaman kansa a Saudiyya ya yi mini tayin aiki na shekara biyu, albashi riyal 5,000 a wata, da masauki da motar kai ma'aikata. Da na buga lissafinsa da naira sai na ga ya doshi miliyan biyu, adadin da ban taɓa riƙewa a wata guda ba. Wani abokin karatuna kuma yana cewa kada in yi gaggawa, in daure in rubuta jarrabawar Ingila, domin can ne ake tafiya da iyali kuma yara su yi karatu kyauta. Tambayata ba wace ƙasa ce ta fi biya ba, wannan a bayyane yake. Abin da nake son sani shi ne, bayan an biya haya da abinci da makaranta da haraji, nawa ne ke saura a hannun mutum, kuma me mutum yake sarayarwa wanda ba a rubuta shi a takardar kwantiragi ba?

Ummu Hanan:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni 'yar Yawuri ce, kuma shekarata uku ke nan ina aikin jinya a wani gari a arewacin Ingila, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani da idona, ka auna da kanka.

Kuskuren farko da kusan dukkanmu muka yi shi ne wanda ka fara yi yanzu, wato mayar da albashin zuwa naira. Mutum ba ya cin naira a Ingila, fam yake ci, fam yake biyan haya da shi. Sabon ma'aikacin jinya a hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, yana farawa ne a mataki na biyar ko da ya yi shekara ashirin yana aiki a gida, kuma albashin farkon wannan mataki a shekarar kuɗi ta 2025 ya ɗan haura fam 31,000 a shekara. Fam 12,570 na farko ba a cire masa haraji, abin da ya hau kai kuma ana cire kashi 20 cikin ɗari, sannan a cire kashi 8 na inshorar ƙasa, sannan a cire na fansho. Idan aka gama yanke-yanken nan, abin da ke shiga asusu bai cika wuce fam 2,000 a wata ba, sai dai idan mutum ya riƙa karɓar aikin dare da na Lahadi, waɗanda ake biyansu da ƙari.

Daga cikin wannan, ni hayar gida mai ɗaki biyu tana ɗauke mini kusan rabi idan na haɗa da harajin ƙaramar hukuma, wanda mai haya ne ke biyansa ba mai gida ba, kuma ka tuna a arewa nake, inda ake ganin haya da sauƙi; na Landan da kewayenta kuwa ba a magana. Sai kuɗin gas da lantarki, wanda a lokacin hunturu yake zama kamar wata hayar ta biyu, domin ɗumama gida a nan ba jin daɗi ba ne, tilas ne, idan ba haka ba bango ya yi danshi yara su kama tari. Sai ruwa, sai intanet, sai kuɗin bas, har kallon talabijin kai tsaye yana da lasisinsa na shekara. Kai kuma da kake da 'ya'ya huɗu, da wuya mai gida ya ba ka ɗaki biyu, domin suna da ƙa'idar cunkoso da ke duba shekarun yara da jinsinsu, saboda haka ɗaki uku za ka nema. A gaskiya albashin mutum ɗaya ba ya riƙe iyalin mutum shida a nan sai da ƙyar. Dole ne matarka ita ma ta yi aiki, kuma a nan ne magana ta biyu take shigowa, wadda ita ce ta fi ba ni wahala.

A gida, ban taɓa sanin renon yaro yana da farashi ba. Idan ina aikin dare a Yawuri, yarana suna ɗakin kakarsu, ko ƙanwar mijina ta kwana da su, kuma babu wanda ya taɓa kawo mini takardar biyan kuɗi. A nan gidan reno yana iya cinye albashin uwa gaba ɗaya, kuma barin ƙananan yara su kaɗai a gida yana iya jawo wa mutum hukumar kula da yara har ƙofa. Abin da muke yi ni da maigidana shi ne karɓa-karɓa, idan na fita ya shigo, idan ya fita na shigo, har akan yi kwana uku ba mu zauna mun ci abinci tare ba. Bizar aiki kuma tana ɗauke da sharaɗin cewa ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati, saboda haka yawancin agajin da ka ji ana ba masu 'ya'ya, ba naka ba ne.

Amma zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan. Yarana suna makarantar gwamnati ba na biyan ko kwabo na karatu, kuma makaranta ce ta gaske. Ganin likita kyauta ne, maganin yara kyauta ne, kuma mu masu bizar aikin lafiya an ɗauke mana harajin lafiya na baƙi, wanda wasu ke biyan fam 1,035 a shekara kan kowane babba. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa yana zuwa, aiki awa 37 da rabi ne a mako, hutun shekara kwana 27 ban da ranakun hutun ƙasa, kuma a wurin aiki ba za a ce ka duba majinyaci da fitilar waya ba. Abinci ma, idan mutum yana dafawa a gida, bai kai tsadar da ake zato ba idan aka kwatanta da albashi. Shinkafa da kaza da madara suna da sauƙi, abin da ke da tsada shi ne kwaɗayin gida, irin su daddawa da kuka da busasshen kifin Yawuri.

Abu biyu kuma ka sani tun yanzu. Bizar ba ta ba ka damar ɗauko mahaifiya, mata ɗaya ce kawai da 'ya'yan da ba su kai shekara goma sha takwas ba. Sannan kafin ka taka ƙasar sai ka ci jarrabawar Turanci da ta ilimin jinya da ake yi a kwamfuta, bayan ka iso kuma ka ci ta gwajin aiki a aikace, ga kuɗin biza da tikitin mutum shida, waɗanda za ka tara su da naira. Dokokinsu na shige da fice ma suna ta ƙara tsauri: tun Maris na 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, a 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje. Hakan bai shafi cikakkun ma'aikatan jinya ba, amma ya isa ya nuna maka inda iska take kaɗawa.

Na Jega Mai Gwaji:

Ɗan'uwa, Hajiya ta yi maka bayanin Ingila yadda ya kamata, ni kuma zan yi maka na Saudiyya, inda na yi shekara tara a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti mai zaman kansa kafin na dawo Jega. Sai dai ina da ɗan saɓani da ita a wuri ɗaya. Ta ce kada ka mayar da albashi zuwa naira. A Ingila wannan gaskiya ne, amma a Saudiyya, idan kai kaɗai ka tafi, mayar da shi naira shi ne ainihin lissafin, domin a can za ka samu, a nan za a kashe.

Dalili kuwa shi ne ba a cire harajin albashi a Saudiyya, abin da aka rubuta maka shi za ka gani. Riyal kuma a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 kan dala ɗaya, tun 1986 bai motsa ba, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, albashinka ya ƙaru ke nan a gida ba tare da kowa ya yi maka ƙari ba. Tunda masauki da mota suna kan asibiti, inshorar lafiya ma doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, abin da ya rage maka shi ne ci da sha da katin waya. Ni a zamanina, da muke haɗa tukunya mu huɗu a masauki, kashi ɗaya cikin biyar na albashi yana isata, sauran duk gida yake zuwa. Da shi na gina gidan da nake ciki, na aurar da ƙannena biyu, na kai mahaifina aikin Hajji. Kayan masarufi sun ƙara tsada bayan da aka kawo harajin kaya na kashi 5 a 2018, aka kuma ninka shi sau uku zuwa kashi 15 a Yulin 2020, amma duk da haka burodi da shinkafa da kaza ba su fi ƙarfin ma'aikaci ba.

Ranar da ka ce za ka ɗauko iyali, ranar lissafin ya kife. Tun Yulin 2017 aka sa wa baƙi masu aiki a kamfanoni kuɗin wata-wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu. An fara da riyal 100, aka riƙa ƙarawa har ya kai riyal 400 a 2020. Kai da mata da 'ya'ya huɗu, mutum biyar ke nan, wato riyal 2,000 kowane wata kafin a dafa ko ruwan shayi. Sannan sai ka bar masaukin asibiti ka kama haya, wadda galibi ake biya wata shida-shida ko shekara, sannan makarantar kuɗi, domin a can mafi yawan 'ya'yan baƙi suke. Riyal 5,000 ba zai ɗauki wannan kaya ba. Na ga mutanen Sudan da Masar da Indiya da yawa, waɗanda suka yi shekara ashirin da iyalansu, sun mayar da su gida a shekarun nan saboda wannan kuɗi kaɗai.

Saboda haka ka ɗauki Saudiyya a matsayin ci-rani, irin wanda kakanninmu suka saba, sai dai mai tsawo. Ba wurin zama ba ne. Igamarka, wato takardar izinin zama, tana rataye ne da aikinka, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare, ɗan da aka haifa a can bai zama ɗan ƙasa ba, kuma babu fansho ga baƙo, sai kuɗin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a shekara biyar na farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan nan. An sassauta tsarin kafili, wanda ke ɗaure baƙo ga mai ɗaukarsa aiki, a Maris na 2021, ta yadda canza wurin aiki da fita ƙasar suka fi sauƙi a kan da, amma har yanzu wanda ya ɗauke ka yana da ƙarfi a kanka fiye da yadda ka saba a aikin gwamnati. Aikin ma awa 48 ne a mako, hutun shekara kwana 21 sai ka cika shekara biyar ya koma 30.

Abin da ke sanyaya zuciya shi ne addini. Ana kiran salla ka ji, nama ba ka tambayar yankansa, a watan azumi ana rage wa Musulmi awannin aiki, kuma Umra ta zama tafiyar ƙarshen mako. Abin da ke ƙona ta kuma shi ne, ɗana na biyu yana da wata bakwai na tafi, da na dawo hutun farko ya ƙi yarda in ɗauke shi, ya riƙa ɓuya bayan uwarsa. Shekara tara na yi ina zuwa wata ɗaya a shekara, kuma har yau akwai wata 'yar tazara tsakanina da shi wadda ban san yadda zan cike ta ba.

Ɗan Kamba:

Ku yi haƙuri in sa baki ko da yake ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗan kasuwa ne mai shiga Gaya da Doso da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Na ga duk hankali ya tafi ƙasashen da ake hawa jirgi, alhali darasin da Malam yake nema yana nan a bakin iyakarmu.

Shekara goma sha wani abu da suka wuce, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Ba wai Nijar ce ta yi arziki a tsakanin nan ba, sefa ce ke ɗaure da kuɗin Turai na yuro a kan farashin da ba ya canzawa, naira kuma ta zube. Sakamakon haka, malamin makaranta na Gaya wanda albashinsa bai ƙaru da ko dala ɗaya ba, idan ya tsallako kasuwar Kamba sai ya zama mai kuɗi, ya cika buhu ya koma. Amma shi wannan malamin, a can Gaya, kuka yake yi da tsadar haya da shinkafa, domin ƙasarsu ba ta da teku, kayansu ta tashar Kwatano a ƙasar Benin suke bi, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta Benin ta daina aiki yadda aka saba, kaya suka koma zagaye mai nisa ko tsallaka kogi a kwalekwale. Wutarsu ma wani babban kaso daga nan Birnin Kebbi layin yake tashi, kuma sun ɗanɗana duhu lokacin da aka yanke ta a 2023.

Abin da nake son Malam ya gane shi ne, mutum ɗaya da albashi ɗaya yana iya zama talaka a gari ɗaya, mawadaci a wani garin da bai wuce tafiyar awa guda ba. Wanda ya ci riba a wannan zamani shi ne mai samu da kuɗi mai ƙarfi yana kashewa da naira. A kan wannan ma'auni, shawarar mutumin Jega ta fi ta Ingila kusa da abin da na sani a kasuwa. Amma fa ka tuna canji ba ya da amana. Wanda ya gina lissafinsa kan cewa naira za ta ci gaba da faɗuwa har abada, wata rana zai iya wayar gari ta farfaɗo, miliyan biyunsa ta koma miliyan ɗaya da rabi, alhali farashin kasuwa bai sauko tare da ita ba.

Bakaben Badariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar riyal 400 kan kowane mutum ban taɓa jin ta ba, kuma wakilin da ya kawo mini tayin bai ambata ta ba ko sau ɗaya, sai ma cewa ya yi bayan wata shida zan iya ɗauko iyali. Yanzu na fahimci cewa zaɓin nawa ba tsakanin ƙasa biyu ba ne kawai: ko in tafi ni kaɗai in bar kowa, ko in tafi da mata da yara in bar mahaifiya, ko in zauna. Wakilin kuma yana neman in biya shi wasu kuɗi masu yawa kafin biza ta fito, har ina tunanin jinginar da gonar fadama.

Baba Mai Ritaya, Argungu:

Yaro, kada ka taɓa gonar nan. Zan dawo kanta, amma bari in fara da abin da shekaru suka nuna mini.

Lokacin da na kama aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a yanke Kebbi a 1991, naira ta fi dalar Amurka daraja. A farkon shekarun 1980 mutanen Gana ne suke cika makarantunmu suna koyarwa, likitocin Indiya da Masar da Pakistan suna asibitocinmu, su ne suke buga irin lissafin da kake bugawa yau, suna aika kuɗi gida. Daga 1986, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, sai abin ya juya, suka tattara suka tafi. Su ma maƙwabtanmu da Ɗan Kamba yake magana a kansu, a Janairun 1994 an wayi gari an raba darajar sefa biyu a dare ɗaya. Ina faɗa maka wannan ne domin ka san cewa ƙasar da ta fi araha ko ta fi biya ba dutse ba ce, tana sauyawa a cikin rayuwar mutum ɗaya fiye da sau ɗaya.

A lissafin da ka kawo mana, ka faɗi albashinka ya gaza, amma ba ka sa farashi a kan abubuwan da kake samu ba tare da ka biya ba. Gidan gado kake ciki, ba ka biyan haya. Hajiya ta gaya maka wannan kaɗai rabin albashi ne a inda take. Shinkafar da kuke ci daga gonarka take fitowa. Yaranka suna tashi a gaban kakarsu, suna zuwa makarantar allo da Islamiyya a unguwa da kuɗi kaɗan. Idan matarka ta haihu akwai masu zaman wanka, idan rashin lafiya ta zo akwai masu jinya, idan aka yi rashi akwai masu ɗauka. Ban ce waɗannan suna sayen taki ko fetur ba, kuma ban ce ka zauna cikin ƙunci don kawai an saba ba. Ni kaina na san abin da ake ji idan fansho ya yi jinkiri. Ina cewa ne ka rubuta su a shafi guda da riyal ɗin, domin ranar da ka tafi wasu daga cikinsu za su koma abin biya. Gonar sai ka ɗauki wanda zai kula da ita, kuma noman da mai shi ba ya nan kowa ya san yadda yake ƙarewa. Mahaifiyarka kuma, kai ne ma'aikacin jinyar gidan. Idan hawan jini ya tashi da tsakar dare, riyal ba ya auna jini.

Sannan akwai wani kashe kuɗin da babu wanda ya ambata. Ranar da aka ji kana Saudiyya, kai ba ma'aikacin jinya ba ne kuma a idon dangi, Alhaji ne. Buƙatun da ake kai wa mutum biyar za su dawo kanka kai kaɗai, kuma ba za ka iya cewa babu ba, domin ba za a yarda ba. Mutumin Jega ya gina gida saboda ya tafi da niyyar gini. Na san waɗanda suka yi shekarun da suka fi nasa suka dawo da akwati da agogo.

Idan ra'ayina kake so, ga shi. Ingila ba taka ba ce a yanzu, ba don ba ta da kyau ba, sai don kuɗin shigarta ya fi ƙarfinka kuma ba ta da wurin tsohuwarka. Saudiyya kuwa, idan za ka je, ka je da adadi da wa'adi: ka rubuta abin da kake son tarawa da ranar dawowa, ka nuna wa mahaifiyarka da matarka, su amince da bakinsu. Kada ka ajiye aikinka. Ka nemi hutu ba albashi ta hanyar da dokar aiki ta tanada, idan an ba ka, shekarunka goma sha biyu ba su zube ba. Gona kuma ba a jinginar da ita don biza. Idan tafiyar ta lalace, albashi za ka rasa. Idan gonar ta tafi, abincin gidan ne ya tafi.

Na Jega Mai Gwaji:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kun faɗi abin da na kasa faɗa. Ɗan'uwa, maganar wakilin nan ta tayar mini da hankali, shi ya sa na dawo. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na lasisin aiki da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi duk suna kan mai ɗaukar aiki ne. Abin da ka iya faɗowa kanka shi ne kuɗin tantance takardunka da na jarrabawar hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a can, kuma waɗannan kai tsaye ake biyansu, da rasit, ba ta hannun wani ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi masu yawa kafin biza ta fito, ka tambaye shi na mene ne, ɗaya bayan ɗaya, a rubuce.

Kafin ka sa hannu, ka nemi kwantiragin da Larabci, ka kai wa wanda ya iya ya karanta maka, domin idan aka samu saɓani tsakanin na Larabci da na Turanci, na Larabcin ake bi. Ka duba ko riyal 5,000 ɗin tsabar albashi ne ko an cusa kuɗin abinci da na ƙarin lokaci a ciki, ka duba mutum nawa ne a ɗaki, ka duba tikitin hutu duk shekara ne ko sai bayan shekara biyu, ka kuma duba sunan aikin da za a rubuta a igamarka, kada a ɗauke ka a ma'aikacin jinya a rubuta maka mataimaki. Ka sani kuma idan ka ajiye aiki da kanka kafin cika shekara biyu, ba ka da kuɗin sallama ko riyal ɗaya. Fasfonka kuma haƙƙinka ne ya zauna a hannunka, dokarsu ta hana a riƙe maka shi, ko da za a ce maka ajiya ce.

Idan ka samu kwafin, ka rufe sunanka da lambar fasfo, ka turo mini shafukan da suka shafi albashi da masauki da hutu, zan duba maka su kafin Juma'a in Allah ya yarda.